Hajiya Raïmatou da Ƙofar Cikin Tele

Hajiya Raïmatou jikar fataken goro ce. A Zongo aka haife ta, ta kuma shekara talatin tana sayar da atamfa a kasuwar Saint-Michel. Ta ga zamanin da maƙwabci ke kai tsegumin maƙwabci wurin hukuma, shi ya sa ko da aka saki bakin kowa, jam'iyyu suka cika Cotonou, ita ba ta saki jiki da kowa ba.

Da ta ba Badarou mai gyaran rediyo hayar shagon ƙofar gidanta, sai ta lura 'yan zemijan, masu ɗaukar fasinja a babur, na jingine babura da la'asar, su shige shagon su yi tsit. Ba hira, ba dariya, sai kukan iska da ɗigar ruwa. Ta ce a ranta, ko caca ce, ko taron siyasa a ɓoye.

Wata Laraba ta ɗaga labulen ba sallama. Maza shida ta tarar sun zuba wa tele, wato talabijin, ido. A ciki wani mutum ke tafiya a kango mai duhu-duhu, Badarou na juya shi da maɓallan da ke hannunsa. Can ƙarshen lungu ga ƙofa a ɗan buɗe, haske na leƙowa.

"Wasa ne kawai, Hajiya," in ji Badarou.

"Wa ke bayan ƙofar can?"

"Ba mu sani ba tukuna. Masu ƙera wasan ba sa faɗa. Ɗan haske suke bar maka da ɗan sauti, har ranka ya kasa haƙuri ka je ka duba."

Ta ƙanƙance ido. "Kada ka shiga. Wanda ya kunna maka fitila a kango da manufa ya yi. Bi ta inda ruwan ke ɗiga."

Mazan suka kwashe da dariya. Badarou ya tura mutuminsa ƙofar, nan take ƙasa ta rufta da shi. Da ya sake farawa ya bi ɗigar ruwan, sai ga matakala a ɓoye.

Tun daga ranar, in ta taso kasuwa takan ja kujera bakin shagon. Ba ta taɓa riƙe maɓallan ba, amma duk inda hanya ta rabu sai an juyo an tambaye ta. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta jefa su rami, ta ce ai da gangan masu wasan suka rikita ta.

'Yarta Zuwaira ta tambaye ta abin da ke zaunar da ita cikin 'yan zemijan.

"Gadin gidana nake," in ji ta, sannan ta ɗaga murya: "Badarou, koma baya, akwai taga da ka wuce."