Akuyar da Ke Cikin Kwamfuta

Ni manomin rake ne a Nasarawan Doya, karatuna na boko bai wuce firamare ba. Tun ina yaro ina da yawan wasuwasi, har alwala nakan maimaita.

'Yata ta fari tana karatun kwamfuta a Zariya. Da ta zo hutu na same ta a zaure tana danne-danne, na tambaye ta abin da take yi.

Ta ce, "Baba, dabba nake yi. Da farko na rubuta siffar dabba gaba ɗaya: tana da shekaru, tana ci, tana kuka. Daga nan na fitar da akuya da saniya, suka gaji duk wannan. In na ce su yi kuka, kowacce irin nata za ta yi. Shekarun kowacce kuma a ɓoye suke a cikinta, sai ta ƙofar da na bari za a tambaya."

Na sha ji a wurin karatu irin azabar da ke jiran mai kwaikwayon halittar Ubangiji. Ga 'yata tana yin dabba mai 'ya'ya, kuma ni na kai ta makarantar. Na ce ba za ta koma ba sai na yi tambaya. Ta rufe kwamfutar, idonta ya cika da ƙwalla.

Ranar kasuwa ni da ita muka hau bas zuwa Ikara, wurin malamin da nake ɗaukar karatu. Bayan gaisuwa na kwashe komai na faɗa masa.

Ya ce, "'Yan mata, nuna mini akuyar."

Ta buɗe kwamfutar. Rubutu ne kawai, layi-layi.

"Ina ƙahon?"

"Babu, Allah gafarta Malam. Bayaninta ne kawai."

"To, ashe ko layya ba za ta yi ba." Ya juyo gare ni. "A littafin fiƙihu ma ana faɗin hukuncin dabbobin zakka a dunƙule, sannan a ware na raƙumi da na tumaki. Siffantawa ba halitta ba ce. Ka bar ta ta yi karatunta."

Na yi godiya, amma a hanya zuciyata ba ta gama kwanciya ba. 'Yar tawa ta lura. Muna isa gida ta goge dabbar ta rubuta abin hawa, ta fitar da babur da bas daga cikinsa, kowanne da yadda yake tashi.

Ta ce, "Darasin ɗaya ne, Baba. Waɗannan ba su da rai."

Da hutu ya ƙare ni na riƙe mata jaka zuwa bakin titi. Sai da motar ta tashi na tuna ban tambayi Malam ba ko akwai kaffara a kan akuyar da ta riga ta yi.