Doguwar gaisuwar Malam Idi a tokiwoki

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idi, Allah ya jiƙansa. Abin da ya sa na tuno shi a shafin nan bana wasu tokiwoki biyu ne da ya bari, rediyon hannun nan da ake danna maɓalli a yi magana, a saki a saurara.

Kafin rezon wayar salula ya iso kwarinmu na Tabotaki, shi kwamitin gari ya damƙa wa su. Guda na hannunsa, guda na ruga wurin Arɗo Bello. In garke ya doshi gonar da ba a kwashe dawa ba, sai ya kira, a juya shanu kafin a kai ga faɗa.

Sai dai Malam bai iya fara magana ba gaisuwa. Yakan danne maɓalli ya yi sallama, ya tambayi iyali, gajiya, shanu, har maruƙa, alhali muddin yatsansa na kai ba mai iya cewa uffan. Wata rana ina tankaɗe kusa da shi, yana sakin maɓalli sai ga baƙuwar murya: "Baba, don Allah! Ambilans ta, muna ɗauke da mai naƙuda. Shanu lahiya lau suke, sakam muna layi!" Ashe layinsu ya hau bai sani ba. Matar ta sauka lafiya a Buza, amma Malam ya daɗe yana istigfari.

Bana babban ɗanmu Sani ya ce in ba shi su, makiyaya sun kusa saukowa. Na hana. Yadda tsaro ya lalace, wanda jandarma suka kama da tokiwoki ba takardar izini, kafin ya gama bayani an ɗauke shi ɗan rahoton 'yan bindiga. Amma abin ya tsaya mini a rai: iska kuma, wa ya mallake ta? Na yi ta tambaya har ɗiyar ƙanena da ke aiki a Madawa ta fahimtar da ni. Ta ce iskar ma tana da burtali, hukumar sadarwa ce ke yanka wa kowa nasa don kada a tattake wa juna.

Me Malam zai ce? Ina jin zai fara da dariya: "Maganar ma sai da takarda?" Daga nan zai tuna mai naƙudar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsare burtali ba zai ƙi wannan ba.

Sani ya yi ta zirga-zirga zuwa Tawa har izini ya fito da sunan ƙungiyarsu ta manoma. Sannan na buɗe akwatin da na adana su biyun tun rasuwar Malam, Sani ya kai wa Arɗo guda a ruga ya dawo. A gabana ya danna, ya ce, "Salamu alaikum," ya saki. Gaisuwar uban tana nan, ta dai koyi barin hanya.

Can sai muryar Arɗo Bello, ta tsufa tana rawa: "Wa alaikumus salam. Ɗan Idi na? Da ubanka na, da yanzu bai kai ga maruƙa ba."