Ni Na Hana a Ɗauko Mana Mai Magana

Zamanin da Nasara ke yaƙinsu na biyu, ni magini ne a wani ƙauye kusa da Tabotaki, ga ƙarfi, ga bakin tsiya, ba wanda ke gaya mini in ji. Mu baƙi ne, gida bakwai, yunwa ta koro iyayenmu, wani dattijo ya ara mana fegi muka zauna. Kowa ya san dokar aron wuri: ka yi bukka, ka kafa zana, amma kada ka ɗora dutse bisa dutse. Ni kuwa da na ga ruwa yana zubo wa innata a bukka, sai na gina mata ɗakin dutse da laka, irin wanda nake gina wa masu hali. Maƙwabta suka yi ta jan kunnena, na ce su bar ni.

Dattijon yana rasuwa, ɗansa ya ce ginin nan shirin cin ƙasa ne, ya kai ƙara bariki a Madawa, ya ce dukkanmu mu tashi. Hankalin kowa ya tashi. Wata gwauruwa cikinmu, mai hankali ƙwarai, ta ce akwai wani tsohon soja a Tamaske da ya ji Faransanci, ya kuma san yadda ake shiga gaban kumandan. Zai zo ya yi magana da bakinmu, in dai an ba shi abin hawa da wanda zai riƙe masa noma. Aka ce kowane gida ya kawo damen hatsi ko akuya. Wallahi har an fara tarawa.

Ni na ɓata abin. Kunya ce ke cina, don na san ginina ya jawo, sai na mai da ita faɗa. Na tashi cikin taro na ce mai gaskiya ba ya hayar baki, na ce sojan nan ɗan koren Nasara ne, zai cinye hatsinmu ya sayar da mu. Na bugi ƙirji na ce ni zan yi magana. Gwauruwar ta ce, ɗana, can ba dandali ba ne, na ce ta koma ga tukunyarta. Kaico! Kowa ya kwashe damensa ya koma gida.

Kwana uku muna zaune ƙofar bariki, rana na dukanmu, ba mu san sai an rubuta takarda ake sauraron mutum ba. Abokin shari'armu kuwa ya zo da takardarsa da mai yi masa magana. Da aka kira mu, tafinta ya tambaye ni ko wurin aro ne, na ce i. Ya ce wa ya yi gini, na ce ni. Na buɗe baki zan faɗi shekarun da muka yi da rijiyar da muka haƙa, gardin kumandan ya ce ya isa. Daga baya na ji cewa da sojan ya zo, da ya roƙi a rushe ɗakin kaɗai a bar mutane, kuma ana yarda da irin haka. Aka ba mu zuwa bayan girbi mu tashi. Gida bakwai muka watse, wasu Bouza, wasu Karofane, wasu ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Yanzu na tsufa, amma abin bai bar ni na zauna wuri ɗaya ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan, in an zo tara gudummawa don a samo wanda ya san shari'a ya tsaya wa masu zaman aro ko haya, ka bayar, ko da kana ganin gaskiyarku ta isa. Gaskiya muke da ita, wanda zai faɗe ta muka rasa. Ran kasuwa jikokin gidajen nan sukan durƙusa su gaishe ni, suna ce mini Baba, suna ba ni labarin yadda aka kori kakanninsu. Ba su san ni ne na jawo ba, ni kuma har yau na kasa faɗa musu.