Dusar da na ba ragunan layya

A shekarun da zan ba da labarinsu ni dillali ne a Springfield ta Amurka, kuma ban taɓa jin kunyar sunan ba. Da tsofaffin motoci na fara, daga baya na gane abin da mutanenmu suka fi kewa a ƙasar nan shi ne rago mai rai da za su gani da idonsu kafin a yanka. Sai na sayi 'yar gona a bayan gari, wajen duwatsu, na kafa turaku. Abokin aikina wani dattijo ne mutumin Nijar da ke zaune a Lanham, mahauci na gado, kowa Baba yake ce masa. Ni ke ciniki, shi ke yanka, amma gaskiya dominsa ake zuwa. In ya dafa bayan rago ya ce ya san abin da dabbar nan ta ci, likita da injiniya ba sa ƙara tambaya.

Har yau in na rufe ido ina ganin gonar nan ranar Babbar Sallah. Motoci har bakin titi, mata na suya a gindin itatuwa, yaran da aka haifa a nan ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Abokanmu Kirista 'yan Filato suna zuwa da kwanukansu, su ce sun zo duba ko mun iya yaji. Baba yana tsokanar Kanawa wai suna taya rago kamar atamfa, su kuma su ce ya fara koyon ƙirga dala kafin ya sa baki. Ban taɓa jin ina gida a Amurka ba sai a wannan fili.

Yankin yana da ƙananan gidajen dafa barasa. Wata shekara majalisar jiha ta yi doka a kafa alluna a babbar hanya, masu hoton gangar barasa, don a jawo musu 'yan yawon buɗe ido. Aka kafa ɗaya daidai inda ake sauka zuwa gonata. Da farko abin dariya ya zama. Baba ya ce a riƙa yi wa baƙi kwatance da allon, amma a ce su yi dama, hagu ta masu ƙishirwa ce. Allon kuwa ya yi aikinsa, baƙi suka yi yawa, gidajen suka ƙara dahuwa. Maƙwabcina mai ɗaya daga cikinsu, mutumin kirki, ya ce dusar masarar da ke ragewa bayan an tace barasa ta yi masa yawa, in zo in kwashe kyauta, shanun yankin ma ita suke ci.

Dillali ya ji kyauta, kun san sauran. Na ce wa kaina ai an riga an cire abin maye, dusa ce kawai. Amma ranakun da Baba ba ya zuwa nake kwasowa, wannan kaɗai ya isa ya nuna mini zuciyata ba ta yarda ba. Raguna suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. Wata rana Baba ya tsaya a bakin kwamin abincinsu, ya kira ni ɗana kamar kullum, ya tambayi me ke tsami haka. Na ce masara ce ruwa ya taɓa. Ya dube ni, ya ce to. Ya ci gaba da dafa bayan raguna yana ba mutane shaida.

Ranar jajiberi, gona cike da masu zaɓen rago, sai ga motar maƙwabcin nan, da hoton ganga a jikinta irin na allon hanya. Ya ga kwana biyu ban je ba, ya kawo mini da kansa don taimako. Ya sauko yana murmushi, ya ɗaga wa Baba hannu, ya gaya wa jama'a da alfahari cewa dusarsa ce ta gina ragunan nan. Wani likita ya juya ya tambayi Baba da Hausa ko haka ne. Baba ya ce bai sani ba. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan dabba ba. Ya wanke wuƙaƙensa, ya naɗe su a tsumma, ya ja ni gefe. Ya ce hukuncin dusa na malamai ne, shi abin da ya ƙona masa rai shi ne na ari bakinsa na yi ƙarya da shi.

Da na tambayi malami daga baya, ya ce al'amarin yana da sauƙi, da na tambaya tun farko da an nuna mini yadda zan yi. Amma mutane sun riga sun watse, shekara ta zagayo ba su dawo ba. Na sayar da gonar, yanzu baƙin yankin ke ajiye motoci inda muke shimfiɗa tabarmi. Na je Lanham neman gafara. Baba ya ba ni shayi, ya ce ya yafe duniya da lahira, ya tambayi iyali. Da na kawo zancen mu sake farawa, sai ya ce in sha shayina kada ya huce.

Ban talauce ba, na koma motoci kuma ina samu. Taron nan ne na rasa, kuma ba a sayar da shi. 'Yan'uwana masu nema a ƙasar mutane, duk ribar da sai abokin aikinka ba ya nan kake iya ɗaukowa, ka tsaya ka tambaya tukuna, musamman in sunan wani ne ke jawo maka ciniki. Allon yana nan inda aka kafa shi. Duk lokacin da na bi hanyar, ina hango hoton gangar hannuna ke kai wa siginar mota don in juya, sai in tuna babu mai jirana a dama, in wuce.