Yadda Na Baro Muryata a Doguwa

A wancan lokacin ni saurayi ne a Tiga, ina gyaran rediyo a bakin kasuwar kifi, ba ni da abin taƙama sai murya. Mahaifina ya taɓa yi wa wani Bature injiniyan ruwa kuku, da zai koma ƙasarsu ya bar masa tarkace, ciki har da wani kaset. Mawaƙin da ke ciki Ba'amurke ne, ɗan talakawan da suka yi ƙaura daga Italiya. Ba na jin abin da yake faɗa, yadda yake faɗar ne ya kama ni. Ba ya ɗaga murya, a hankali yake rerawa kamar mai rarrashin jariri, kuma shi kaɗai, babu mai amsa masa. Na saurari kaset ɗin nan har zarensa ya tsinke, na liƙe, ya sake tsinkewa.

Sai na fara tsara waƙoƙina da Hausa a kan salonsa. Abokai suka sa ni a gaba da tsiya, wai in yunwa nake ji in ci abinci in buɗe baki. Amma mata suka karɓe ni hannu biyu, daga Bebeji har Kiru ba a kamun amarya sai an nemo mai sanyin murya. Nan kaina ya kumbura. Wasu samari suka nemi zama 'yan amshina, na ce gwanina ba shi da su, ni ma ba na buƙata. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa mawaƙanmu ba sa rabuwa da 'yan amshi ba. Ashe lokacin da suke amsawa ne maƙogwaron mawaƙi yake samun hutu.

Bayan na yi aure har da 'ya'ya, kakar siyasa ta zo, wani ɗan takara ya ɗauke ni yawon kamfen. Maiɗakina ta ce muryata ta cikin rumfa ce, ba ta bayan a-kori-kura ba, na ce me ta sani a harkar waƙa. A Burumburum lasifika ta mutu, ga fili ya cika maƙil. Yaran ɗan takarar suka ce in yi haka nan, ai kakanninmu ba su san lasifika ba. Kunya ta hana ni cewa ba zan iya ba, na dage na ƙwala, ni kaɗai, babu mai karɓa mini ko baiti ɗaya. Haka muka yi kwanaki a hanya, na'ura ta yi yau ta ƙi gobe. In murya ta dishe sai in sha citta da zuma in koma. A Doguwa, ina tsakiyar baiti, na ji wani abu ya tsage a wuyana. Na buɗe baki, iska kawai ta fito, na tofar da yawu na ga jini. Aka saka waƙar wani, taro ya ci gaba, ko waiwayo na ba a yi ba.

Likita a Kano ya ce magana za ta dawo, waƙa kuwa sai haƙuri. Ta dawo ɗin, a shaƙe kamar ta mai mura, na koma teburin gyara. Bayan shekaru na ga bidiyon gwanin nawa a waya, ya tsufa tukuf, kai fari fat, yana rerawa a hankali kamar da. Na ji an ce shi ma kasuwarsa ta taɓa faɗuwa da samari suka koma wa kiɗan hayaniya, amma bai bi su da ihu ba, ya jira har aka dawo masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na kwaikwayi komai nasa ban da wannan.

Bara na aurar da 'yar farina. Kafin bikin ta same ni ta ce Baba, tun tana ƙarama take jin mata suna labarin muryata, ita ba ta taɓa ji ba, ko baiti ɗaya take so ranar kamunta. Na gwada a ɗaki, abin da ya fito ya sa ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Ranar bikin ni na haɗa wa wani mawaƙin lasifika, na koma bayan rumfa na yi kukana.

Na rungumi ƙaddara, amma ina jan kunnen matasa masu baiwa. In za ku kwaikwayi na nesa, ku fara tambayar dalilin abin da kuka tarar a gida kafin ku yar. Kuma duk wanda ya ce ku ƙara ihu don taronsa, ku tuna shi zai samu wani mawaƙin gobe, ku kuwa ba inda ake sayar da maƙogwaro.