Jirgin da motar Kawu ta ƙi ja

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Alexandria, garin da muke zaune a nan ƙasar Turawa, ni da matata, da fulas ɗin shayi da ƙosai a leda. Za mu gaɓar tekun Chesapeake ne mu duba katamaran da za mu saya. Ga wanda bai san shi ba, kwalekwale ne sirara guda biyu da aka haɗa da shimfiɗar raga, da dogon ƙarfe a tsaye mai ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa. Irin na tsere mutum biyu ke tuƙa shi. Dalilinmu ke nan. Ita tana aikin jinya, ni ina ofis, sai mu yi kwanaki muna gaisawa a bakin ƙofa kamar maƙwabta. A bazarar bara muka koyi tuƙi a kogin Potomac, kuma a iya tunawata, tun aurenmu ban ga abin da ya sa ta murna haka ba.

Mun biya ta Hyattsville muka ɗauki kawunta. Ni na kawo wannan shawarar, don yana da akori-kura mai ƙugiyar jan tirela, ga shi gwanin ciniki, kuma a gida an koya mana ba a sayen babban abu ba tare da babba ba. Muka bar tamu motar a ƙofarsa.

Hanyar lafiya lau, sai dai gadar da ta ratsa ruwan ta tsorata ni. Doguwa ce, tana hawa kamar ba za ta sauka ba, kuma ko inda ake tsayawa biyan kuɗi babu, na'ura ce ke karanta lambar mota. Kawu ya ce ƙasar nan ko ɓarawonta ba ya nuna fuska. A wani ɗan gari muka tsaya shan mai, na ga mansu ya fi na garinmu araha kaɗan. Kusa da wurin ana sayar da ƙaguwa dafaffiya an barbaɗe ta da yaji, da tsada kamar naman rago. Kawu ya leƙa ya ce kunamar ruwa ba za ta shiga cikinsa ba, muka koma kan ƙosanmu.

Jirage uku muka gani. Na farko na roba ne, mai kauri, ba ya kifewa da wuri, amma wanda ke son tsere zai gaji da shi. Na biyu dogo ne marar nauyi, mai shi ma ya ce ba na 'yan koyo ba ne, na ji daɗin gaskiyarsa. Na uku matsakaici, na wata dattijuwar Baturiya da ta yi shekaru tana tsere da mijinta kafin gwiwarsa ta hana. Ta dube mu ta ce wanda ya fi nauyi shi zai rataya a gefe da ɗamara don jirgin ya daidaita, ɗayan ya riƙe sandar tuƙi. Ni na fi nauyi. Ta ƙara da cewa ba ta sayarwa sai an gwada.

Muka sa rigunan ceto, matata da doguwar rigar ruwanta da hijabi, muka shiga. Ba ni da kalmar da zan kwatanta yadda jirgin ya tashi. Ɓari ɗaya ya ɗaga sama, ni ina maƙale a waje, ruwa na dukan bayana. A irin wannan gudun babu lokacin ladabi, mai tuƙi dole ya yi tsawa. “Fita! Ja igiya! Sunkuya!” Da ƙarfen ƙasan ƙyallen ya zaburo wajen kaina, sai ta ƙwala mini kira da sunana, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Na sunkuya, ƙarfen ya wuce. Muka yi ta dariya. Ban lura cewa iskar wajen gaɓa take kaɗawa ba, tana kai wa Kawu muryarta.

Da muka fito, Kawu yana tsaye hannu a baya.

“Ɗiyata, ke na ji kina kiran mijinki gatsal kamar yaron shago?”

“Kawu, ƙarfe ne zai buge shi.”

“Da bakin da zai ce Malam da wanda zai ce sunan, ba ɗaya ba ne?” Ya juyo gare ni. “Kai kuma kana reto kamar guga, mace na ba ka oda, Turawa na kallo. Motata dai ba za ta ja wannan abin ba. In babanta ya tambaye ni, me zan ce?”

Matata ta dube ni. Na san abin da ya kamata in faɗa, cewa ni na ba ta sandar kuma ban ji an raina ni ba. Abin da ya fito shi ne, “To Kawu, wataƙila a ƙara shawara.” Dattijuwar ba ta jin Hausa, amma ta fara naɗe igiyoyinta.

A hanyar dawowa Kawu ya yi ta labarin tsadar haya, matata tana baya tana kallon taga. Mun iso gida bayan la'asar. Ran Litinin na bincika, ashe ana ba da hayar akori-kura da ƙugiyarta, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Na kira dattijuwar, ta ce wasu ma'aurata sun saye jirgin tun Lahadi. Da na gaya wa matata, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, da muryar da take yi wa marasa lafiya magana.

Masu tambayata wane jirgi ya dace da ma'aurata 'yan koyo, ina ganin matsakaicin ne, ko da yake ni ba gwani ba ne. Ba na cewa kada a girmama manya. Amma wurin zaman mutum biyu ne a jirgin nan, kuma in ka san bakinka ba zai iya kare matarka a gaban babba ba, ka yi hayar mota.