Sista Kunne, Mai Jiran Hanji Ya Farka

Kafin likitoci su fara zagaye, ita ta riga ta gama nata. Takan shigo ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata da abin sauraron ƙirji rataye a wuya, ta murza bakinsa a tafin hannu don ya yi ɗumi, ta ɗora a kan cikin mara lafiya, ta lumshe ido. Shi ya sa ake ce mata Sista Kunne. In ta gama, sai tambayar da ba ta jin nauyin yi wa kowa: "An saki iska?" Wanda ya ce e, ta yi masa barka kamar an yi masa haihuwa.

Wannan makon ta yi ritaya, kuma tun yanzu masu shara suna cewa ɗakin ya yi musu faɗi.

Na san ta lokacin da aka yi wa mahaifinmu aikin hanji. Aikin ya yi kyau, amma cikin ya ƙi motsi. Ya kumbura, ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka za a mayar da shi ɗakin tiyata, mu kuwa mun san jikin Baba ba zai ɗauki wuƙa ta biyu ba.

Sista ce ta zaunar da mu a baranda. "Hanji yana da jijiyoyinsa, kamar wata ƙaramar ƙwaƙwalwa," in ji ta. "Akwai doguwar jijiya daga kai zuwa ciki, kullum suna aiken juna. In an taɓa hanji sai ya yi lamo. In kuma mutum na cikin fargaba, jiki na sakin sinadaran da ke ce masa ya dakata. Tauna da ƙanshi da kwanciyar hankali su ke taimakawa wajen tashinsa." Ta dube ni. "Ɗiyata, wa Baba yake jira? Idonsa ba ya barin ƙofa."

Umma yake jira. Saboda Umma na da hawan jini, mun ce mata gwaji kawai ake yi kuma ba a barin shiga. A ganinmu tausayi ne. Mun manta tun da suka yi aure Baba bai taɓa kai loma baki ba sai tana zaune a gefe.

"Ku je ku ɗauko ta," Sista ta ce. "Hawan jininta ku bar min."

Umma ta shigo, ta wanke mu tas, sannan ta ja kujera ta ciro lemo ta fara ferewa. Ba a yarda ya sha ba, ƙanshin kawai yake shaƙa, yana tauna cingam ɗin da Sista ta ba shi. Ita da Sista suka riƙe shi yana takawa a barandar, Umma na mitar ya cika nauyi. Washegari da la'asar, surukansa na zaune a gaban gado, sai aka ji abin da ake jira.

"Gadon nan ne," in ji Baba.

"Ai na daɗe da sanin wannan gadon, Malam," Umma ta ce.

Na yi dariya har na yi kuka. Sista ta ce kada mu ɗora mata yabon, magani ya yi nasa, tafiya ta yi nata, lokaci ma ya yi.

Duk da haka ke ce, Sista. Ke ce kika saurari ciki, kika kuma kalli inda ido yake kallo.

Umma ta rasu bara. Tun daga nan Baba sai ya tsakuri abinci ya ture kwano. Amma ranar walimar bankwana da Sista ya dage sai an kai shi. Ta murza abin sauraronta, ta ɗora, ta lumshe ido.

"Yana motsi, Baba. A hankali dai."

"Ba mai fere min lemo," ya ce.

Ta ɗauki ɗaya a kan teburin walimar ta danƙa min a hannu.

Mun gode, Sista. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya haɗa ki da mai sauraronki. Ku da kuka gaji ɗakinta, don Allah ku riƙa ɗumama abin sauraron, ku riƙa tambayar wa ake jira.

Yau da safe na fere wa Baba. Ya ce na yi ɓarna, a hannun Umma ɓawon ba ya tsinkewa. Ya daɗe yana shinshinawa kafin ya sha, kuma ya shanye.